Fetur ɗin da ya yi wata uku a bakin tafkin Lagdo

Kowace shekara, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba, hukuma kan hana su a tafkin Lagdo domin kifi ya samu sararin yin ƙwai. Tafkin ya samu ne bayan da injiniyoyin China suka datse kogin Binuwai a kudu maso gabashin Garwa, aikin da aka fara a 1977 aka gama a 1982. Don wutar lantarki aka yi madatsar, amma kifi ne ya tara jama'a a bakinta: Hausawa, Musgum, Kotoko, da baƙi daga Najeriya, Chadi har da Mali. In lokacin hutun ya zo, sai a jawo kwalekwale kan tudu, a kwance inji a jingine shi a ɗaki, wasu su koma gona. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne ragowar mai: rabin tanki, jarka ɗaya a bayan ƙofa, da ɗan abin da ya kwanta cikin kafireto. Sai ranar da aka buɗe ruwa, mutum ya yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji, sannan ake tambaya: man nan yana da sauran amfani kuwa?

Ba na ganin laifin masuncin da ya ƙi zubar da shi. Shekara da shekaru arewacin Kamaru na rayuwa ne da fetur ɗin Najeriya da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, wanda mutanen Garwa da Marwa ke kira zuwa-zuwa, ana sayar da shi a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, arahar nan ta tafi, kuma Garwa ta ji a jikinta kamar yadda Yola ta ji. A gidajen mai ma ba sauƙi. Matatar SONARA da ke Limbe ta yi gobara a ƙarshen Mayun 2019, Kamaru ta koma sayo tataccen mai daga waje, kuma farashin lita ya tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ya sake hawa zuwa 840 a Fabrairun 2024. A farashin 2024, jarka mai lita 20 ta kusa sefa 17,000 ke nan. Wanda ya yi wata uku bai jefa koma ba, ba za ka ce masa ya yi asarar wannan kuɗi ba tare da hujja ba.

Ga hujjar. Fetur ba abu ɗaya ba ne, gauraye ne na ɗaruruwan sinadarai, wasu masu sauƙi wasu masu nauyi. Masu sauƙin su ne ke saurin zama tururi, su ne kuma ke kama wuta da zarar fulogi ya ba da tartsatsi lokacin da inji yake da sanyi. Ɗaya daga cikinsu, fentan, yana tafasa ne a zafin digiri 36 kacal. Duk wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san zafi na wuce digiri 40 a inuwa, balle a ɗakin kwano. Jarkar da murfinta ya tsage aka toshe da leda, ko tankin inji da aka bar ƙofar iskarsa a buɗe, kullum cikin asarar wannan kaso suke. Man yana nan a ido, amma abin da ke tayar da inji ya gudu.

Abu na biyu ya fi ɓarna, domin shi ba ya tsayawa a kan man kaɗai. Iskar da ke cikin jarka tana haɗuwa da wasu sinadaran fetur ɗin, sannu a hankali su rikiɗe su zama wani abu mai danƙo, kamar dai yadda man gyaɗa ke canza wari da ɗanɗano in ya daɗe a buɗe. Zafi na hanzarta wannan aiki. Ƙa'idar da masana sinadarai ke amfani da ita ita ce ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurinsa. Hasken rana ma na taimaka masa. Saboda haka shawarar da ake bayarwa a ƙasashe masu sanyi, cewa fetur kan yi wata uku zuwa shida a rufaffen mazubi, a kwarin Binuwai ƙasan lissafin ya kamata a ɗauka, ba samansa ba.

A cikin kafireto wannan danƙo ke yin aika-aikarsa. Ƙoƙon da ke ƙasansa ɗan mai kaɗan yake riƙewa, kuma yana shan iska. In aka ajiye inji da mai a ciki, sai ya bushe ya bar wani shafi ruwan zuma, wani lokaci kore-kore, a jikin ƙarfen. Ƙofofin da mai ke bi, waɗanda makanikai ke kira jet, wasunsu da kyar allura za ta shiga. Je ka wurin bakaniken inji a farkon Oktoba ka ga abin da ke gabansa: kafireto a warwatse cikin kwano, yana ɗaga jet sama yana leƙen haske, yana hurawa da baki. Mai injin zai rantse ya zuba sabon mai, kuma gaskiya ya faɗa. Tsohon da ya bari tun Yuni ne ya toshe hanya.

A nan ne injin jirgi ya bambanta da na mota. Yawancin injinan da ke ruwayenmu, irin su Yamaha Enduro masu ƙarfin doki 15 zuwa 40, ba su da wurin zuba baƙin mai daban. Cikin fetur ake haɗa shi, galibi kashi ɗaya cikin hamsin. Ma'ana, hanyar da fetur ke bi ita ce hanyar da man da ke sanyaya fistan da santsa shi ke bi. In jet ya toshe rabi, injin zai iya tashi, har ya yi gudu, amma da ƙarancin mai da yawan iska. Sai ya yi zafi, fistan ya ci jikin silinda, inji ya buga. Kuɗin da aka tsira da shi a jarka ɗaya ba ya sayen ko rabin kayan gyaran.

Sai ruwa. Hutun Lagdo ya faɗo ne a tsakiyar damina, lokacin da iska ke ɗauke da laima. Tankin da ba a cika ba yana fitar da iska da rana, ya shaƙo mai laima da dare, raɓa ta taru a bangonsa ta gangara ƙasa. Ruwa ya fi fetur nauyi, kuma daga ƙasan tanki tiyo ke zuƙa. In akwai sinadarin etanol ko metanol a cikin man, abin ya fi muni, don suna janyo ruwa har su rabu da fetur su kwanta tare da shi. Masu motoci a Legas sun ga haka a Fabrairun 2022, lokacin da kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai metanol daga Antwerp ta Beljiyam. Wannan kuwa ya kai mu ga matsalar zuwa-zuwa: ba wanda zai iya faɗa maka ranar da ya bar defo, durom nawa ya kwana a ciki, ko an tsawaita shi da kananzir a hanya. Wata ukun da kake ƙirgawa, daga ranar da ya shigo hannunka ne kawai.

To, a zuba ko kada a zuba? Gwajin ba ya buƙatar komai sai kwalaben gilashi biyu masu tsabta. A zuba sabon mai a ɗaya, tsohon a ɗaya, a tabbata an ɗebo shi daga ƙasan jarka, a ajiye su a inuwa nesa da wuta na ɗan lokaci. In tsohon ya yi duhu sosai, ko ya yi hazo, ko ka ga layi a ƙasa inda wani ruwa ya kwanta daban, ko warinsa ya koma tsami-tsami irin na fenti, to ya gama aiki a inji. Wanda aka riga aka haɗa da baƙin mai, da sabon haɗi za a gwada shi, don man haɗin kan canza launi. In kuwa garau yake kuma warinsa bai sauya ba, sai a tace shi da kyalle mai tsabta, a bar na can ƙasa, a gauraya kashi ɗaya da kashi uku ko huɗu na sabo, a ƙone shi a zirga-zirgar kusa da gaɓa.

Na nanata kusa da gaɓa, domin babur in ya mutu a hanyar Pitoa, sauka za ka yi ka tura. Lagdo kuwa faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 500, akwai dorina a ciki, kuma hadarin ƙarshen damina ba ya sallama kafin ya taso. Kwalekwalen da ya ɗauko mata da yara da buhuna zuwa kasuwa, in injinsa ya ɗauke a tsakiyar igiyar ruwa, ba ya iya fuskantar ta, gefe yake ba ta. Mai ɗaukar fasinja bai da hurumin yin gwaji da man da yake shakka, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne.

Man da ya lalace ma ba a zuba shi a kogi, ruwan da ake sha ake kuma su a cikinsa. Kada kuma a kuskura a juye shi cikin kananzir ɗin fitila ko risho. Gaurayen nan ya sha ƙona gidaje. Bakanike zai karɓa ya wanke kayan inji da shi.

Maganin na ƙarshen Yuni ne, ba na Oktoba ba. Ranar fita ta ƙarshe, a cire tiyon mai a bar inji ya ƙone abin da ke cikinsa yana cikin ruwa, sannan a kwance ɗan kusar da ke ƙasan kafireto a tsiyaye sauran. Man da ya rage a sayar wa mai babur tun yana da daraja, ko a cika shi a jarka mai murfin kirki a ajiye a inuwa, ba a ɗakin kwana ba, kuma ba a haɗe da baƙin mai ba. Jami'an ma'aikatar kiwo da su, MINEPIA, da sarakunan ruwa suna zagaya sansanonin masunta kowace shekara don sanar da ranar rufewa. Da za a riƙa tafiya da bakanike ɗaya a wannan zagaye, ya kwance kafireto a gaban jama'a ya nuna musu kusar, aikin bai wuce na minti biyar ba.