Jan kunne ga masu ɗaukar hoto a karkara

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja kunnen 'yan'uwana masu ɗaukar hoto a ƙauyuka.

Bara na sayi kyamarar Nikon ta hannu, ta zo da gilashin nan mai zuƙowa, 18-55. Da rana ba ka da abin cewa. Amma ranar wata walima aka shigar da ni zaure bayan magariba, ga ba wuta, hotuna suka fito dishi-dishi, har ango ya hana ni cikon kuɗina. Ban ga laifinsa ba.

Wani tsohon hannu a Kano ne ya ganar da ni. Ashe lambar da ke bin harafin "f" a jikin gilashin ita ce magana: in ta yi ƙanƙanta, ƙofar haske ta yi faɗi. Nawa da 3.5 yake farawa, da ka zuƙo zuwa 55 sai ya tsuke ya koma 5.6. Shi kuwa 17-50 na Tamron ko Sigma, a 2.8 yake tsayawa har ƙarshe, wato ninki huɗu na hasken da nawa ke sha in an zuƙo.

Masu shago za su yi ta cusa maka 18-140, wai yana kamo na nesa. Gaskiya ne, in hawan Sallah kake bi. To mu da abincinmu ke cikin zaure da ɗakin amarya fa? Shi ma 5.6 ɗin yake komawa.

Akuya biyu na sayar na sayi 17-50 na hannu. Don Allah kafin ka biya, ka ɗaura shi a kyamararka ka gwada, ka kuma haska cikinsa da tocila, kada a haɗa ka da mai fumfuna.

Naku,
Mai hoto daga Malumfashi, Jihar Katsina.