Barin giya a Kakuri: wace magana ce gaskiya?

Kakuri unguwar ma'aikata ce. Kamfanin giya na Nigerian Breweries ya buɗe masana'antarsa nan a 1963, masaƙar KTL kuwa da ta ciyar da gidaje da yawa ta rufe a 2002. Mai kwalba ɗaya ranar Asabar yakan wayi gari yana neman 'yar ledar barasa kafin karin kumallo. In ya ce zai rage, sai masu shawara su yi masa caa, kowa da tasa.

Wai burkutu abinci ne, tunda da dawa ake yin sa. Dawar gaskiya ce, amma sinadarin da ke bugarwa iri ɗaya ne da na kwalba, hanta ba ta tambayar daga ina ya fito. Haka 'yar ledar nan mai ɗaci da ake cewa tana wanke ciki ko maganin basir: barasa ce mai ƙarfi, kuma irinta ce hukumar NAFDAC ta sanar da haramta sayarwa a leda a 2024. Farfesu da wankan ruwan sanyi ba sa warware maye, lokaci ne kawai ke yi. Zancen cewa kaɗan na ƙara lafiya ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 babu adadin da ba ya cutarwa.

Maganar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ta fi kama da nasiha: "In kai namiji ne, ka bari yau." Ga mai sha jefi-jefi, daidai ne. Amma duba mutumin da ke zaune a teburin mai shayi da safe, kofi na rawa a hannunsa, gumi na keto masa, sai ya kurɓi giya sannan ya daidaita. Jikinsa ya riga ya saba. In ya yanke lokaci guda, karkarwa kan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga na iya biyo baya, a kwana na 2 ko na 3 kuma ruɗewa da gane-gane. Nan ne dangi kan ce iska ce, a kulle shi a ɗaki. Wannan hali yana kisa. Addu'a a yi ta, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, nan kusa, ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne kamar yadda ake yayatawa. Yana da sashen masu shaye-shaye. Wanda kunya ta hana, ya fara da likita a asibitin St. Gerard da ke cikin Kakuri, ya tafi da wani nasa da ya yarda da shi, ya kuma faɗi ainihin kwalba nawa yake sha a rana, kada ya rage ko ɗaya.