Dam ɗin Challawa: Me ya sa Kanawa ba sa zuwa shan iska a kan ruwansu?

Kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano, a Ƙaramar Hukumar Karaye, akwai ɗaya daga cikin manyan madatsun ruwa na Arewacin Najeriya.

An kammala Dam ɗin Challawa a shekarar 1992. Tsawon bangonsa ya kusa kilomita 8, tsayinsa mita 42, kuma yana iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi.

Ga mutanen yankin, daga Yola da Turawa har zuwa ƙasar Rogo, wannan ruwa wurin neman abinci ne. A nan ake su, a gefensa ake noman rani, kuma kwale-kwale ne ke rage wa mutum doguwar zagayen da zai yi a kan babur. Ruwan ya kuma ci gonaki da matsugunai lokacin da aka tare shi.

Amma ga magidancin da ke cikin birni, wanda ke neman inda zai kai iyalinsa a yini guda lokacin hutun Sallah, da wuya Karaye ta faɗo masa a rai.

Yadda wasu suka ci moriyar nasu

A Dakar, babban birnin Senegal, jirgin ruwa na tashi daga tashar birnin sau da yawa a kowace rana zuwa tsibirin Gorée. Tafiyar kamar minti 20 ce. Tsibirin ƙarami ne, babu mota a cikinsa, kuma tun 1978 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya saboda alaƙarsa da cinikin bayi.

Mutum zai sayi tikiti, ya shiga jirgi a lokacin da aka tsara, ya yini, ya dawo gida kafin dare. Masu abinci, masu sayar da kayan hannu da masu yi wa baƙi jagora duk suna samun na cefane daga wannan zirga-zirga.

A Nijar ma, mazauna Yamai kan tafi Boubon da ke bakin Kogin Kwara, garin da ya yi suna da tukwanen ƙasa da kasuwar ranar Laraba, su hau kwale-kwale zuwa tsibirin da ke tsakiyar kogi.

Challawa ba ta da tarihi irin na Gorée. Abin da take da shi shi ne faffaɗan ruwa, sabon kifi, da miliyoyin mutane a Kano da ba su da wuraren shaƙatawa masu yawa.

Tsoron da Bagwai ta bari

Duk wanda zai yi maganar hawa jirgin ruwa a Kano sai ya tuna da ranar 30 ga Nuwamba, 2021. A ranar ce jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a Dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima.

Matsalolin sanannu ne a ruwayen Arewa: tsohon jirgin katako, fasinja haɗe da kaya da babura, rashin rigar kariya, da tafiyar dare. A madatsun ruwa akwai ƙarin haɗarin kututturan itatuwa da ke ɓoye a ƙarƙashi, sannan iskar farkon damina kan tayar da igiya cikin ɗan lokaci.

Senegal ma ta sha nata ɗacin. A watan Satumban 2002 jirgin Le Joola ya nutse da mutum fiye da 1,800, shi ma ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Wannan ya nuna cewa girman jirgi ba ya hana haɗari idan ba a ƙirga fasinja.

Daga ina za a fara?

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta daɗe tana hana tafiyar dare tare da wajabta sanya rigar kariya. Sai dai doka ba ta aiki a mashigar da babu mai tsayawa a kanta.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin gina otal ba: mashiga ta kankare, jirgin da aka rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa, littafin sunayen fasinja, riguna har da na yara, da lokacin tashi da na dawowa. Masarautar Karaye, wadda ke kula da Karaye da Rogo, da sarakunan ruwa na iya sa ido a inda jami'in gwamnati ba ya kaiwa.

Waɗanda za su fara amfana kuwa su ne mata masu tsallakawa zuwa kasuwa da yara masu zuwa makaranta, da ke hawa ruwan kullum ba don nishaɗi ba. Idan tafiyarsu ta zama lafiya lau, mai zuwa shan iska daga Kano zai biyo baya da kuɗinsa.