Maganin olsa na barkatai yana buɗe wa zawo ƙofa

Duk wanda ke cin kasuwannin Gangara, Gazawa, Agye ko Gidan Rumji ya san masu tallar magani da tire a ka. Cikin hajar da ta fi tafiya a wurinsu akwai omeprazole da cimetidine, waɗanda jama'a ke kira maganin olsa. Ɗan kasuwa ya wuni a tsaye bai karya ba, ya sha diclofenac saboda ciwon jiki, ciki ya kama zafi, sai ya bi da omeprazole. Wata kuma ta jiƙa kanwa ta sha don ƙwannafi. Zafin kan lafa, amma akwai abin da ake yin asararsa ba a sani ba.

Ruwan tsamin da ke cikin tumbi, wanda muke ganin shi ne abokin gaba, mai gadi ne. Yawancin ƙwayoyin cutar da ke shigowa ta fura, latas ko ruwan leda, a nan suke mutuwa tun ba su kai hanji ba. Omeprazole yana hana tumbi fitar da wannan ruwa, kanwa kuwa kashe masa kaifi take yi. In mai gadi ya yi barci, ɓarawo sai ya shiga da takalminsa.

An gwada wannan a Jami'ar Maryland ta Amurka a farkon shekarun 1970. Masu sa-kai lafiyayyu ba su fara zawo ba sai da suka haɗiye ƙwayoyin kwalara wajen miliyan 100. Da aka fara ba su bikarbonet, ɗan'uwan kanwarmu, miliyan 1 ma ta isa ta kayar da su. Daga baya likitoci sun lura masu shan irin su omeprazole sun fi kamuwa da ƙwayoyin Salmonella da Campylobacter, masu zuwa ta naman kaji, ƙwai da nonon da bai dahu ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A watan Yuli na 2018 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Madarumfa, ta kama mutum sama da 3,000. A 2021 ta dawo, aka ƙirga sama da 5,000 a faɗin Nijar, fiye da 150 suka rasu, kuma jihar Maradi na cikin inda abin ya fi tsanani. Mai shan maganin olsa kullum a lokacin damina, yana shan ruwan da bai san asalinsa ba, ya rage wa kansa garkuwa.

Matsalar ba ta tsaya ga kamuwa ba, ta kai ga warkewa. Farin maganin ruwa na olsa da ƙwayar da ake taunawa, masu ɗauke da alminiyam ko magniziyam, suna riƙe ciprofloxacin da doxycycline a cikin hanji, su hana jiki ɗaukarsu. Su ne kuwa magungunan da likita kan bayar a wasu cututtukan hanji. Mutum ya kashe kuɗinsa, ya sha magani, amma kamar bai sha ba. Shi ya sa ake cewa a sha ciprofloxacin awa 2 kafin farin maganin, ko awa 6 bayansa.

Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium difficile, wadda ke samun dama idan maganin kashe ƙwayoyin cuta ya share na kirki da ke hanji. Tana kawo zawo mai naci, ta fi wahalar da tsofaffi. A 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa dangin omeprazole na iya ƙara haɗarinta. Ita ce kuma a 2020 ta sa a janye ranitidine daga kasuwa saboda wani sinadari da ake zargi da jawo ciwon daji. In kin gan shi a tire, Hajiya, ki wuce.

Kada a ji wannan a ce maganin olsa guba ne. Wanda likita ya rubuta masa, musamman mai gyambon da ya taɓa zubar da jini, kada ya daina da kansa. Gyambon ciki da yawa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, Helicobacter pylori, kuma maganinsa na kwana 10 zuwa 14 ne a haɗe da masu kashe ƙwayoyin cuta, ba sha na shekara da shekaru ba.

Don haka, ƴan kasuwa, zafin cikin da ya wuce mako 2 na gidan likita ne. Idan zawo ya zo, a fara da ruwan gishiri da sukari na SRO, a nufi CSI mafi kusa, a kuma faɗa wa majo duk abin da ake sha, har da kanwa. Kashi kamar ruwan shinkafa, ko mai jini, ba ya jiran a tashi kasuwa. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.