Tiyatar Rage Ƙiba: Ci da Sha da Zaman Yau da Kullum Bayan An Sauko Daga Gadon Asibiti

Tiyatar rage ƙiba aiki ne da ake yi a kan tumbi, wato jakar da abinci ke sauka cikinta bayan an haɗiye shi, wani lokaci har da ƙaramin hanji. Ba a cire kitse a cikinta ko kaɗan. Nan ne ake fara kuskure, kuma harshe ma ya taimaka wajen ruɗin, domin idan aka ce "rage tumbi" kunnen Bahaushe teɓa yake ji, sai ya ɗauka ita likita zai yanke ya yar. Tsotse kitse daga ƙarƙashin fata aiki ne daban, na gyaran sura. Daga wannan ruɗi ne labarin da ke yawo a gidajen biki ya samo asali, cewa wance ta je Masar ko Indiya ko Turkiyya an yi mata aiki, ta dawo siririya, yanzu tana cin abin da ta ga dama. Gaskiyar ita ce wanda aka yi wa aikin yana fitowa daga ɗakin tiyata da nauyin da ya shiga da shi. Ramar tana zuwa ne a watannin da ke biye, kuma ɗorewarta ta dogara da abin da ke shiga baki.

Aiki iri biyu ne suka fi yawa. Na farko, wanda ya fi kowanne yawa a duniya yanzu, shi ne wanda ake kira hannun riga: a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar siririn bututu mai kama da ayaba. Tumbin da ke ɗaukar lita ɗaya ko fiye sai ya koma ɗaukar abin da bai wuce mililita 100 zuwa 150 ba, kamar ƙaramin kofin shayi. Na biyu shi ne baifas, kuma sunan ya dace da titin da ke zagaye gari: a ware wata 'yar jaka kamar girman ƙwai a saman tumbin, a jona ta da ƙaramin hanji can gaba, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Likita Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ne ya fara irin wannan, ya wallafa sakamakonsa a 1967, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki suna ramewa.

Ƙanƙantar jakar ba ita kaɗai ke aiki ba. Saman tumbi ne ya fi samar da sinadarin girelin, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999, kuma shi ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa. Idan an cire wannan sashe yunwa takan lafa na wasu watanni. Ciwon sukari ma yakan sassauta cikin kwanaki, tun kafin a ga rama, shi ya sa dole likita ya sake duba yawan insulin da ƙwayoyin da mutum ke sha tun kafin sallama. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka fitar a 2022 ta ce aikin ya dace da wanda ma'aunin BMI ɗinsa, wato nauyi idan aka gwada shi da tsawo, ya kai 35 zuwa sama, ko 30 idan akwai cuta irin ta sukari da magani ya kasa shawo kanta. Mai tsawon mita 1.65 yana kai 35 ne idan nauyinsa ya kai kilo 95. Amfanin aikin kuwa tabbatacce ne. Wani dogon bincike da aka fara a Suwidin a 1987, wanda ya bi mutum sama da 4,000, ya nuna a 2007 cewa mace-mace sun ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa aiki.

Sauyin abinci yana farawa tun kafin aikin. Kamar mako biyu kafin ranar akan ɗora mutum kan abinci mai ƙarancin mai da sitaci domin hanta ta saki kitse ta ƙanƙance, saboda tana kwance a kan tumbi kuma sai an ɗaga ta ake kaiwa gare shi. Bayan aikin kuma, mako ɗaya zuwa biyu na farko ruwa-ruwa ne zalla: ruwa, romon da aka tace, madara ko kindirmo marar sukari. Daga nan sai abin da aka markaɗa ya yi laushi kamar na yaron da ake shirin yayewa, sannan mai taushi irin su dafaffen ƙwai, kifi da alala. Sai wajen mako na shida zuwa na takwas ake komawa abinci sosai. Ɗinkin da ke tumbin sabo ne, lomar tuwo ko tsokar tsire a mako na biyu tana iya jawo amai mai tsanani, har ta takura ɗinkin.

Abin da ya fi wuyar shiga kai, kuma ya fi dawo wa mutane da ƙibarsu, shi ne cewa sabon tumbin mazurari ne, ba tulu ba. Mazurari yana tare abu mai kauri, amma ko nawa aka zuba masa ruwa sai ya wuce. A zuba gero a rariya ya tsaya, a zuba ƙullu ya zarce. Ƙofar zaure komai ƙanƙantarta ba ta hana hayaƙi shiga gida. Tsokar kaza uku za ta cika ƙaramin tumbin ta zauna a ciki, mutum ya ji ƙoshi na sa'o'i. Kofin fura da nono da aka zuba wa sukari kuwa zai ratsa cikin 'yan mintoci, ya bar wuri ga na biyu da na uku. Haka kunun gyaɗa, kunun zaƙi, zoɓo mai sukari, shayi mai kauri da madarar gwangwani, da lemon kwalba, wanda santilita 50 ɗinsa ke ɗauke da sukarin da ya haura cokalin shayi goma. Haka kuma duk abin da ke narkewa a baki, irin su biskit, cincin, alewa da askirim. Mai shan waɗannan daga safe zuwa dare zai rantse ba ya cin komai, kuma ba ƙarya ya yi ba, cokali huɗu na shinkafa ne iyakarsa. Amma ƙarfin abincin da ya kwankwaɗa ya kai na wanda ya zauna gaban akushi. Idan nauyi ya dawo bayan shekara biyu ko uku sai a ce aikin ne bai yi ba, ko tumbin ne ya buɗe. Tumbin yakan ɗan saki da tafiyar lokaci, kuma dawowar wani ɓangare na nauyin abu ne da aka saba gani, amma sau da yawa ta kofi ɓarnar ke shiga.

Wannan hali na mazurari ne ya sa ake hana shan ruwa tare da abinci. Ruwan zai wanke abincin ya tura shi gaba kamar yadda ruwan sama ke share kwata, ƙoshi ya gushe da wuri, ko kuma ya cika 'yar jakar ya dawo sama. Ƙa'idar ita ce a bar kamar minti 30 tsakanin ci da sha. Ga wanda ya tashi da al'adar kora kowace loma da ruwa, wannan horo ne babba. Duk da haka jiki na buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, kuma babu damar ɗaga moɗa a shanye. Sai dai kurɓi-kurɓi, gora a hannu duk inda aka nufa. A zafin bazara na Sakkwato ko Damagaram wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin bushewar jiki na cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti a watan farko.

Tunda wurin kaɗan ne, abin da ya fara shiga shi ne ya ci gari, don haka abinci mai gina jiki ake farawa da shi. Ana so mutum ya samu aƙalla giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, idan ba haka ba jiki zai cinye tsokarsa tare da kitsen. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, ke nan giram 60 daidai yake da ƙwai goma, kuma a nan ake gane girman aikin. Sai an rarraba shi: ƙwai da safe, kindirmo da hantsi, kifi ko kaza da rana, wake ko awara da yamma. Tsarin kwanon gida, inda tuwo ke mamaye wuri nama ya zama ado a kan miya, dole ya juye: nama ko kifi tukuna, sai ganye, sannan loma ɗaya ko biyu ta tuwo idan wuri ya rage. Kowace loma a tauna ta sau 20 ko fiye, cin ya ɗauki minti 20 zuwa 30. Busasshen nama irin kilishi, da burodi mai laushi da ke dunƙulewa, da taliya, sukan tsaya a ƙirji a watannin farko.

Masu baifas musamman suna da wani mai tsaro da ba su ɗauka aiki ba. Idan suka sha zaƙi, sukarin yakan faɗa hanji gaba ɗaya kamar tifa ta juye yashi, hanjin ya jawo ruwa daga jini, cikin minti 10 zuwa 30 sai zufa, bugun zuciya, jiri, murɗawar ciki da gudawa. Akwai kuma mai zuwa a makare, bayan awa ɗaya zuwa uku, lokacin da insulin ya yi yawa sukarin jini ya faɗi, mutum ya kama rawar jiki har ya iya suma. A gidan da ba a san wannan ba, ba wuya a fara neman mai ruƙiyya.

Sakacin da ya fi haɗari shi ne barin bitamin. Tumbi ne ke samar da abin da jiki ke buƙata kafin ya tsotsi bitamin B12, kuma farkon ƙaramin hanji, wanda baifas ke tsallakewa, nan ne aka fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Saboda haka shan ƙwayoyin ƙari har ƙarshen rayuwa ne, tare da gwajin jini a kai a kai, kuma a Birtaniya akan yi allurar B12 duk wata uku. Matsalar ita ce rashin ba ya nuna kansa da wuri. Hanta na iya ajiye B12 na shekaru, mutum ya daina sha ya ga lafiya lau, sai daga baya ƙarancin jini, mantuwa da mutuwar ƙafafu su bayyana. Bitamin B1 kuwa ajiyarsa ba ta wuce mako biyu zuwa uku. Wanda ke ta amai bayan aiki yana iya rasa shi, ya shiga ruɗewa, tangaɗi da matsalar gani, kuma idan aka yi jinkiri lahanin ƙwaƙwalwar ba ya gyaruwa. Amai da ya ƙi tsayawa lamarin asibiti ne a ranar.

Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis kamar gyaɗa, suna haddasa gyambo a wurin da aka jona hanji, haka taba da shisha. Gashi yakan zube tsakanin wata na uku da na shida, sannan ya dawo. Saurin rama na iya haifar da tsakuwa a matsarmama, masu hannun riga kuma wasu kan yi fama da ƙwannafi. Ga mata akwai magana mai nauyi: haihuwa takan buɗe bayan rama, har ga wadda ta daɗe tana nema, amma ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, domin jikin da ke zubar da nauyi ba ya iya ciyar da ɗan tayi yadda ya kamata.

Zama da jama'a ma sai an sake koyonsa. A inda ƙin cin abincin mutum ke nufin raini, wanda ya ajiye cokali bayan loma biyar zai sha "ci mana", kuma wanda ya zube kilo 30 cikin wata takwas zai sha kallo da tambayar ko lafiya. Masu ɓoye cewa an yi musu aiki sun fi shan wahala, domin ba su da abin kare kansu a gaban faranti. Sanar da mutanen gida, musamman mai girki, yana rage rabin matsalar. Azumi kuwa, likitoci kan ba da shawarar a ɗage shi a watannin farko, wasu har shekara, tunda ba a iya tara ruwan yini guda tsakanin magariba da sahur da kurɓi-kurɓi, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya. Idan an koma yi, buɗa-baki da kunu mai zaƙi, dabino da yawa da soye-soye lokaci guda shi ne ainihin abin da sabon tumbin ba ya ɗauka.

Yawancin abubuwan nan a asibitin da ya yi aikin ya kamata a riƙa bibiyarsu, tare da masanin abinci, na tsawon shekaru. Wanda aka yi wa aikin a ƙetare sau da yawa yakan dawo bayan mako guda da takarda a harshen da likitan garinsu ba ya karantawa, dillalin da ya haɗa tafiyar kuma ya karɓi la'adarsa ya kama gabansa. Abin takaici ne a ce ana tallar aikin a Instagram da hotunan kafin da bayan, ba tare da an tilasta wa mai talla ya faɗi wanda zai duba marar lafiya idan ya dawo ba. Kafin a sayi tikiti ya kamata a samu likita a gida da ya yarda zai ci gaba da kulawa, a tabbatar da inda za a riƙa gwajin jini, a kuma lissafa kuɗin bitamin na shekaru cikin kuɗin aikin. A karɓo cikakken rahoton tiyatar da ke faɗin irin aikin da aka yi. A makonnin farko, bugun zuciya da ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa ko ciwon kafaɗar hagu na iya nufin ɗinkin yana yoyo, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi kuma na iya nufin gudan jini, musamman bayan doguwar tafiya a jirgi. Kowanne daga cikinsu na buƙatar asibiti mai likitan tiyata a cikin sa'o'in nan.