Ba Kowace Hula Ce Hular Babur Ba

A watan Janairu 2009, da aka tilasta sa hular kwano a Najeriya, wasu 'yan acaɓa a Kano suka kifa ƙwarya a ka. Ƙwarya dai ka san ba ta tsare kai. To, hular magina fa?

Ita ma kada ka hau babur da ita. An yi ta ne domin bulo ko ƙarfen da zai faɗo daga sama. Ba ta rufe ƙeya da gefen kai, kuma kana faɗuwa za ta fice.

Hular babur tana da soso mai tauri a ciki, wanda yake shanye ƙarfin bugu kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Ka ɗaure igiyar haɓa kullum, ko kasuwa za ka. In ta taɓa buguwa da ƙarfi, soson ya lalace ko ba ka ga tsaga ba, sai sabuwa.