Yawon Sallah a Matsayin Makarantar Zumunci ga Ƙananan Yara a Birnin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi al'adar fita da ƙananan yara a lokutan bukukuwan Sallah a birnin Kano. Ta bayyana yadda ake tsara fitar, da waɗanda ke jagorantarta, da darussan harshe da na zamantakewa da yaro ke samu a cikinta. Haka kuma ta nuna yadda karkatar iyalai daga gidajen dangi zuwa wuraren shaƙatawa ke sauya aikin da al'adar take yi wajen tarbiyya.

1.0 Gabatarwa

A rayuwar yau da kullum, duniyar ƙaramin yaro a gidan Bahaushe ba ta cika wuce tsakar gida da zaure da ƙofar gida da makarantar allo ba. Fita da yara domin shan iska kawai ba ta da gurbi babba a tsohuwar al'ada, domin fita sai da dalili, kamar suna ko biki ko dubiya ko ta'aziyya. Sallah ƙarama da Sallah babba su ne lokuta biyu a shekara da ake ware wa yara fita tasu ta kansu. Saboda haka nazarin yawon Sallah hanya ce ta fahimtar yadda iyali ke gabatar da yaro ga danginsa da kuma garinsu.

2.0 Ma'anar Yawon Sallah

Kalmar "yawo" ba ta cika zuwa da ma'anar yabo a Hausa ba. Idan aka ce yaro ya cika yawo, zargi ne gare shi da kuma masu kula da shi. Amma da zarar an jingina ta ga Sallah, sai ta koma abin da iyaye da kansu ke yi wa tanadi. Yawon Sallah shi ne zagayen da yara ke yi cikin sababbin tufafi zuwa gidajen kakanni da 'yan uwa da abokan arziki, domin gaisuwa da karɓar barka da Sallah, tare da kallon hawan sarki idan hali ya yi.

Shirinsa kan fara tun cikin azumi ko farkon watan Zulhajji. Uba ne ke da alhakin kayan Sallah, wato yadi da kuɗin ɗinki da takalmi da hula ko ɗankwali. Uwa kuma ita ke kula da kitso da lalle ga 'yan mata, yara maza kuwa a kai su aski. Tufafin yaro a wannan rana shaida ce kan gidan da ya fito, shi ya sa magidanci kan gwammace ya haƙura da nasa ɗinkin domin na yara ya samu.

3.0 Masu Jagorantar Fita

A bisa al'ada, ba kasafai miji da mata ke jerawa da 'ya'yansu zuwa yawon Sallah ba. Dalilai uku ne suka haifar da haka. Na farko, auren kulle ya taƙaita fitar matan aure da rana. Na biyu, uwar gida tana da aikin girki da karɓar baƙi, shi kuma maigida yana da nasa gaishe-gaishen na manya. Na uku shi ne kunya, musamman ta ɗan fari, wadda ke hana iyaye nuna kusanci da shi a bainar jama'a, har ta kai ba sa ambaton sunansa.

Wannan ya sa jagoranci ya faɗa hannun yayye. Yarinya 'yar shekara goma ko sha biyu kan goya ƙanenta, ta riƙe hannun wani, su bi ayarin yaran gidan ko na unguwa. A nan tarbiyyar ta kasu biyu. Ƙarami yana koyon bin na gaba da shi, babba kuma tana koyon riƙon amana, domin ita za a tuhuma idan takalmi ya ɓace ko yaro ya dawo da rauni. Sauran manyan da aka ci karo da su a hanya su ma suna da ikon tsawatarwa, bisa fahimtar cewa ɗa na kowa ne.

4.0 Darussan da Yaro ke Samu

Darasi na farko shi ne na gaisuwa. Yaro na koyon yin sallama a zaure, da cire takalmi, da durƙusawa, da sassauta murya, da isar da saƙon "suna gaishe ku" daga iyayensa. Amsar da zai koma da ita gida tana horar da shi kan riƙe magana da mayar da ita yadda aka faɗa.

Na biyu shi ne sanin sunayen dangantaka a aikace. A gida ɗaya za a ce masa wannan baffanka ne, a wani gidan kuma kawu, can gwaggo, nan inna. Waɗannan kalmomi suna rarrabe dangin uba da na uwa, kuma baffa da kawu da gwaggo aro ne daga Fulatanci da suka zauna daram a Hausar Kano. Yaron da ya taka zuwa gidan kowannensu yakan haɗa suna da fuska da unguwa, abin da bayani a zaune ba ya samarwa. Wannan na daga cikin hikimar karin maganar da ke cewa zumunta a ƙafa take.

Na uku shi ne bambance inda ake kunya da inda ake wasa. A gaban baffa sai ladabi da sunkuyar da kai. A wurin kaka kuwa akwai barkwanci, inda tsohuwa kan kira jikanta namiji mijinta, ta nemi ya biya ta kuɗin cefane, ta kira jikarta mace kishiya. Haka tsakanin taubasai, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, akwai zolayar da ba a fushi da ita. Ta haka yaro ke gane cewa kowace dangantaka tana da irin harshenta.

Na huɗu ya shafi kyauta. Yara ne 'yan aiken da ke kai tuwon Sallah ga maƙwabta, da naman layya a Sallah babba, su karɓi tukuici. Barka da Sallah da suka tara kuwa yawanci ita ce dukiyar farko da yaro ke kira tasa, kuma a kanta yake fara sanin ƙidaya da ajiya da rabo da ƙanne.

5.0 Kallon Hawa da Wuraren Shaƙatawa

Hawan Sallah ya faɗaɗa fitar daga dangi zuwa gari. Bayan hawan Idi akwai hawan Daushe, inda Sarki kan je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, sai hawan Nasarawa, sannan hawan Ɗorayi ko na Fanisau. Yaron da aka ɗora a kafaɗa yana ganin hakimai da dogarai da 'yan lifidi, yana jin tambari da kakaki da algaita. Yana kuma ganin cewa Sarki ma da kansa yakan tafi gaida uwa. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Sai dai taswirar fitar ta sauya. Gidan namun daji da aka kafa a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya zama matattarar yara a kwanakin Sallah. Daga baya wuraren lilo da manyan kantunan zamani suka biyo baya. Faɗaɗar birni ta raba dangi zuwa unguwanni masu nisa, tafiyar da a da ake yi a ƙafa cikin lunguna yanzu sai an hau adaidaita sahu. Cunkoso da fargabar ɓatan yara, wanda cigiyar da ake ji a gidajen rediyo a kwanakin Sallah ke tabbatarwa, sun sa iyaye da yawa sun daina sakin ƙanana a hannun yayye.

Sauyin yana da alfanu, domin ya kawo uba da uwa cikin fitar, ya kuma rage tazarar da kunya ta gina tsakaninsu da 'ya'yansu. Amma yana da hasara. A wurin shaƙatawa yaro mai sayen tikiti ne, ba wanda zai durƙusa wa, ba wanda zai tambaye shi ɗan wane ne. Fitar takan tsaya kan miji da mata da 'ya'yansu kaɗai, kuma ta dogara ga kuɗin shiga, alhali gidan kaka ba ya bambance ɗan mai hali da ɗan talaka.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa yawon Sallah ya ƙunshi koyar da gaisuwa da sunayen dangantaka da iyakokin kunya da wasa da kuma mu'amala da kyauta. Wuraren shaƙatawa na zamani suna biyan buƙatar nishaɗi, amma ba sa ɗaukar waɗannan ayyuka. Idan ziyarar dangi ta ci gaba da raguwa, kalmomi irin su taubashi da tukuici na iya zama waɗanda yaro zai fara gamuwa da su a littafin makaranta. Akwai buƙatar masu nazarin harshe da al'ada su tattara kalaman gaisuwa da na barkwancin kaka da jika daga bakin masu amfani da su, su kuma kwatanta abin da ake yi a Kano da na sauran birane kamar Katsina da Zariya da Damagaram.